Taron Da Mahalarta Ke Tsarawa Da Kansu: Amfaninsa Ga Masu Ƙirƙirar Manhaja

A yawancin tarukan fasaha, tun kafin ranar an fitar da sunayen masu jawabi. Manya su yi magana, matasa su tafa, a ɗauki hoto a watse. Amma akwai wani salon taro da mahalarta ne ke tsara shi da safiyar ranar.

Yadda ake yi

Ana kafa allo da aka raba shi gida-gida, kowane gida da lokacinsa. Duk mai batun da yake so a tattauna sai ya rubuta a takarda ya manna. Masu sha'awar batun su kewaye shi, kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Wanda ya ga zaman bai amfane shi ba ya tashi ya koma wani, ba laifi ba ne.

Salon ya yi suna ne da BarCamp, wanda aka fara a Palo Alto ta Amurka a watan Agustan 2005, saboda taron Foo Camp na Tim O'Reilly sai da gayyata ake shiga. Daga baya ya iso har Ghana da Najeriya.

Me zai ƙara wa matashin Miga?

Abin da ke karya ƙananan kamfanonin fasaha shi ne a ɓata watanni ana gina abin da ba wanda zai yi amfani da shi. A ce wani matashi a Miga yana haɗa manhajar gargaɗin ambaliyar kogin Hadeja. A irin wannan zama, manomin shinkafa zai iya gaya masa cewa wayarsa ba ta hawa intanet, masunci ya ce saƙon murya da Hausa ya fi masa rubutu, mai POS kuma ya faɗi unguwannin da sabis ke ɗaukewa. Kafin azahar ya gane cewa saƙon tes ko na murya ya kamata ya fara da shi. A nan ma zai iya samun abokin aiki cikin ɗaliban Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa.

Abin da ake buƙata

Aji ɗaya ranar Asabar, allo, alli da wurin cajin waya sun isa. Bayan girbi ya fi, lokacin da hanyoyi suka bushe kuma manoma suka samu sarari. Sai dai dole a naɗa mai kula da lokaci, da wanda zai rubuta abin da aka cimma ya tura a guruf ɗin WhatsApp. In ba haka ba, taron zai koma hirar majalisa.