Ada: Mutanen da ke Zaune Tsakanin Kogin Bolta da Teku

Ranar Talata masunta ba sa fita teku a mafi yawan gaɓar ƙasar Gana, kuma mutanen Ada suna cikin masu riƙe da wannan doka. Baƙon da ya iso a wannan rana zai tarar da manyan kwalekwale an janyo su kan rairayi, maza na zaune a inuwar itatuwan kwakwa suna ɗinkin taru, wasu na gyaran inji. Magabatansu sun ce ranar ta abin bautar teku ce, a cikinta yake hutawa. A yau yawancin mutanen garin Kiristoci ne, amma dokar ba ta faɗi ba, domin kowane bakin ruwa yana da sarkin masuntansa, kuma wanda ya karya doka a gabansa zai yi bayani. Ko me mutum ya ɗauki asalin abin, amfaninsa a fili yake: kifi ya sami sarari, jiki ya huta, a gyara kayan aiki, a zauna a sasanta rigingimun da suka taso cikin mako.

Ada tana da nisan kimanin kilomita 100 gabas da Akara. Mota za ta bi da kai ta Tema da Sege har mararrabar Kasseh, daga nan ka karkata kudu zuwa Babbar Ada, mazaunin sarauta, sai kuma Ada Foah da ke bakin teku. A nan ne kogin Bolta, wanda ya taso tun daga Burkina Faso, yake ƙare tafiyarsa. Akwai wani siririn tudun yashi da mutum zai tsaya a kai, kogi a kwance lumui ta hannu ɗaya, teku na tumbatsa ta ɗaya hannun. Wannan ne ke janyo mutanen Akara a ƙarshen mako, da Turawa masu yawon buɗe ido. Mutanen yankin Dangme ne, 'yan'uwan Krobo da Shai da Ningo, kuma sun kasu gidaje goma, kowane gida da hurumin da aka san shi da shi.

Wanda ya tashi da asuba zai ga jan taru, kuma a ganina babu abin da ya fi shi nuna halin mutanen nan. Kwalekwale ya shiga teku ya zagaya da taru, ya dawo da bakin igiya gaɓa, sai mutane su jeru a igiyoyi biyu suna ja da baya-baya, ana waƙa domin ƙarfi ya zo ɗaya. Aikin yakan ɗauki sa'o'i. Ba a hana kowa kama igiya, kuma duk wanda ya ja yana da ɗan rabonsa na miya idan taru ya fito, bayan an fitar da kason mai jirgi da na ma'aikatansa. Da kifi ya taɓa ƙasa kuwa, sai mulki ya koma hannun mata. Su ke yanke farashi, su ke banda kifin a kan murhun ƙasa, su ke kai shi kasuwa, kuma sau da yawa su ne suka ba da bashin kuɗin man da aka fita da shi. A cikin kogin kuma akwai wata sana'ar, ta nutso domin tsintar wani irin ƙumba da ake kira adode. Ana soya namansa a tsire shi a tsinke ana sayar wa matafiya a bakin titi, ɓawonsa kuma a tara shi tsibi-tsibi a sayar. Shi ma yana da watannin da ake rufe kamunsa domin ya hayayyafa.

Amma zuciyar Ada gishiri ce. Yamma da garin akwai tafkin Songor, mai faɗi marar zurfi, wanda ruwansa ke ƙafewa idan hunturu ya busa, gishiri ya kwanta fari fat. Labarin da suke bayarwa shi ne wani maharbi mai suna Korley ya bi sawun dabbar da ya harba har ya ɓulla bakin tafkin, inda ya haɗu da wata tsohuwa, Yomo, wadda ta danƙa masa amanar wurin bisa sharuɗɗa. Daga nan gidan Tekperbiawe suka zama masu riƙon tafkin, kuma daga cikinsu ake samun Libi Wono, mai kula da tsafinsa. A al'ada ba wanda ke taɓa gishiri sai ya buɗe kaka. Idan ya buɗe, kowa ya shiga ya ɗiba, ɗan gari da baƙo, a ba da ɗan kason da aka yanka. Mata su ne ƙashin bayan aikin, suna shiga ruwan gishiri mai cin ƙafa, su ciko kwanduna su ɗora a ka. Da wannan kuɗi aka yi wa yara da yawa makaranta.

A nan ne tarihin Ada ya haɗu da namu. Kafin zuwan mota, 'yan Ada kan loda gishiri a kwalekwale su haura Bolta har Kete Krachi da gaba, inda ya shiga hannun fataken da ke bin hanyar Gwanja, da Hausawa a cikinsu. Zangon Kete, inda Alhaji Umaru, malamin nan mutumin Kano, ya zauna har rasuwarsa a 1934, yana cikin kasuwannin da wannan gishiri ya raya. Matsayin da gishirin Bilma yake da shi a wurin mutanen Damagaram da Kano, shi na Ada yake da shi a wurin mutanen bakin Bolta.

Dukiyar da kowa ke da haƙƙi a cikinta ba ta rasa masu son mallake ta. Tun shekarun 1970 aka fara bai wa kamfanoni hayar sassan tafkin, rigima ta yi ta ruruwa, har a 1985 harsashin 'yan sanda ya kashe wata mata mai juna biyu, Maggie Kuwornu, wadda har yau ake tunawa da ita. A 1992 gwamnati ta mayar da tafkin ƙarƙashin riƙonta. Su kansu 'yan gari masu hali sun shiga killace wurare suna haƙa kududdufan gishiri na kansu, abin da ake kira atsiakpo, sai matan da ke ɗiba a da don kansu suka koma 'yan ƙodago. A 2020 kuma aka bai wa kamfani guda hayar kimanin eka 41,000, lamarin da ya raba kan jama'a, wasu na ganin aiki da ci gaba, wasu na ganin an raba su da gadon kakanni. Ni dai ina tare da matan nan. Tsarin da ya ciyar da talaka ɗaruruwan shekaru bai cancanci a shafe shi ba tare da an zauna da masu shi ba. Gidan Rediyon Ada, wanda ke watsa shirye-shirye da harshen Dangme tun 1998, ya daɗe yana ba su bakin magana a kan wannan.

Mai son ganin gari a cike ya zo a farkon watan Agusta, lokacin bikin Asafotufiami. Biki ne na tunawa da mayaƙan da suka kare ƙasar, a yaƙe-yaƙensu da mutanen Anlo da kuma yaƙin Katamanso na 1826 da aka gwabza da Ashanti. An farfaɗo da shi a 1937 domin a riƙa janyo 'yan ƙasa da ke ci-rani su dawo gida. Ranar Juma'a rundunonin gargajiya kan fita bayan gari cikin jajayen kaya suna ta barin wuta da bindigogin toka, ana koya wa samari riƙon bindiga. Daga nan a yi jerin gwano zuwa bakin kogi a wanke hannu da ƙafa, alamar an wanke dauɗar yaƙi. Asabar kuma ranar sarakuna ce: a ɗauko su a kan karagu bisa kafaɗun mutane, laimomi na juyawa, mayaƙa na zuwa ɗaya bayan ɗaya suna jaddada mubaya'a. Akwai zuba giya a ƙasa domin magabata. Musulmi baƙo ba sai ya sa hannu ba, kuma ba wanda zai tilasta masa, ya tsaya gefe cikin ladabi ya wadatar.

Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu manyan kunkuran teku kan fito da dare su yi ƙwai a cikin yashi. Mutanen Ada da yawa ba sa cin namansu, domin sun ce kunkuru ya taɓa ceton kakanninsu a lokacin yaƙi. Wannan hani ya riga dokar gwamnati, kuma ya taimaka wa ma'aikatan kula da namun daji, waɗanda ke raka baƙi kallon dare. UNESCO ta sa yankin Songor cikin wuraren da take karewa a 2011.

Teku kuwa tana cin ƙasa. Ganuwar Kongensten da mutanen Denmak suka gina a 1783 ruwa ya haɗiye ta, kuma ƙauyuka irin su Totope sun rasa gidaje. Tun da aka kammala madatsar Akosombo a 1965 yashin da kogi ke kawowa bakin teku ya ragu, sai aka koma jibge duwatsu domin tare igiyar ruwa. Ta gefen kogi kuma masu kuɗi na saye filaye suna gina gidajen shaƙatawa, hanyar da masunta ke bi zuwa ruwa tana ƙara ƙuncewa.

Saboda haka idan Allah ya kai ka Ada, ka shiga da sallama. Ka gai da dattawa kafin ka tambayi hanya, ka miƙa abu da hannun dama, kada ka ɗauki hoton mace tana aikinta sai ka nemi izini. Kada ka yi iyo a inda kogi ya haɗu da teku, ruwan wurin yana da ja. Ka hau kwalekwalen ɗan gari zuwa tsibirai, ka ci dokunu da soyayyen karfasa a rumfar matan bakin ruwa, ka sayi gishirinka a hannun wadda ta ɗebo shi, kuma ka biya ta ba tare da dogon ciniki ba.