Filashin Waya da Batun Rajista

A shagunan gyaran waya na Jekadafari, kamar sauran unguwannin Gombe, an daɗe ana yaɗa cewa duk wayar da ta ƙi tashi filashin, wato sake ɗora mata manhaja, shi ne maganinta, kuma manhajar wata Tecno za ta hau kan kowace Tecno tunda kamfaninsu ɗaya. Wannan zato ne ke sa waya ta shiga shago da ƙaramar matsala, ta fito da farin allo ko tacin da ba ya motsi.

Cikin kowane guntun lantarki na waya akwai abin da ake kira rajista, wato ƙananan ma'ajiyai masu lamba waɗanda ake rubuta umarni a cikinsu, ko a karanta halin da na'urar take ciki. Manhajar da ta san lambar kowace rajista da aikinta ita ce direba, wadda ke zaune cikin kanel, zuciyar tsarin da ke tafiyar da wayar. Wayoyi biyu masu suna ɗaya na iya ɗauke da allo daga masana'antu daban-daban, don haka rajistocinsu ba za su zo ɗaya ba. Lamarin kamar gidaje biyu ne masu fasali ɗaya, inda makunni na uku ke kunna fanka a wannan gida, a wancan kuwa injin burtsatse yake tayarwa. Ko kamar yaron shagon da ya saba da kantar wani maigida, aka aike shi ya ɗauko sukari a sabon shago, ya dawo da gishiri.

Masu gina kanel ɗin Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991 kuma Android ke tafiya a kansa, sun daɗe suna muhawara kan inda ya dace sanin ma'anar rajistoci ya zauna. A 2011 aka shigo da regmap, shimfiɗa guda da direbobi ke bi wajen karantawa da rubutawa, amma ma'anar kowace rajista aka bar ta cikin direban na'urar, domin shi kaɗai ya san ta. Tun daga Android 12 a 2021, Google ma ya ware kanel na gama-gari daban, direbobin masu ƙera guntu irin su MediaTek daban.

Abin damuwa shi ne mai gyara a Gombe ba kasafai yake samun takardun da ke bayyana waɗannan bambance-bambance ba, sai fayil ɗin da ya tsinto a intanet, kuma idan ya kuskure, mai wayar ne ke asarar kuɗinsa da hotunansa.