Nutso a teku lokacin hutu: abin dubawa kafin a zaɓi masauki

Wanda ya hau tuddan duwatsun da ke kewaye da garin Tanut, in ya duba ƙasa da kyau, yana iya tsintar dutse nannaɗaɗɗe mai kama da dodon-koɗi. Masana ilimin ƙasa sun ce ɓawon wata halittar teku ne, domin shekaru sama da miliyan 90 da suka wuce wani reshen teku ya ratsa Sahara ya lulluɓe Damargu. Yau kuwa daga Tanut ko Belbeji zuwa gaɓar teku mafi kusa ya fi kilomita 1,000, kuma ruwan da yawancinmu suka sani shi ne na rijiya da tabkin damina.

Sai dai mutanenmu matafiya ne. Akwai ɗalibai a Masar, da masu zuwa umara ta Jidda, da ma'aikatan da ake aikawa taro Dakar, da ƴan kasuwa. A irin waɗannan garuruwa otal-otal na bakin ruwa suna tallar nutso da tukunyar iska: a goya maka tukunya, a sa maka gilashi a fuska, ka sauka ka ga kifaye da murjani. Abin sha'awa ne ƙwarai. Amma hoton ɗaki da farashin kwana ba su ne ma'aunin masaukin nutso ba. Ma'aunin shi ne wanda zai sauka da kai, da kayan da zai ba ka, da abin da aka tanada in wani abu ya faru.

Sai an san yadda ruwa ke aiki a jiki kafin a gane dalili. Kowace mita 10 da mutum ya sauka, nauyin da ke danne shi yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa. A mita 10, iskar da ke cikin balan-balan tana komawa rabin girmanta. In aka hauro da ita ta sake kumbura. Haka huhu yake. Wanda ya shaƙi iska daga tukunya a can ƙasa, ya firgita, ya riƙe numfashi ya yi sama a guje, huhunsa na iya yagewa ko da zurfin bai wuce ƴan mitoci ba. Shi ya sa darasin farko shi ne kada a taɓa riƙe numfashi.

Na biyu kuma, mutane da yawa suna zaton oksijin zalla ne a cikin tukunyar. Iskar da muke shaƙa ce kullum aka matse, kuma kashi 78 cikin 100 nata azot ce, wadda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira naitirojin. A ƙarƙashin ruwa wannan iska tana narkewa cikin jini da tsoka. In an hauro a hankali, tana fita ta numfashi. In an yi gaggawa, sai ta yi kumfa a cikin jiki kamar kwalbar lemo da aka buɗe bayan girgizawa. Kumfar nan ke kawo ciwon gaɓoɓi, da jiri, da shanyewar ƙafafu, wani lokaci mutuwa. Maganinta shi ne a ba mutum oksijin nan take, sannan a kai shi ɗakin matsin iska, wani ɗaki na ƙarfe da ake mayar da jiki cikin nauyi irin na ƙasan ruwa har kumfar ta narke. Tambayar farko ga duk masauki ke nan: akwai oksijin a cikin kwale-kwalen, kuma tafiyar awa nawa ce zuwa ɗakin matsin iska mai aiki? Wanda ya yi kame-kame wajen amsa, a bar shi da kyakkyawan otal ɗinsa.

Sai malamin nutso. Tun da Jacques-Yves Cousteau da injiniya Émile Gagnan suka ƙera na'urar numfashin a Faransa a 1943, sana'ar ta samu ƙungiyoyi masu ba da takardar shaida. Akwai CMAS da aka kafa a 1959, wadda aka fi sani a ƙasashe masu amfani da Faransanci, da PADI ta Amurka da aka kafa a 1966. Malami na gaskiya yana da kati mai lamba, ba ya jin haushi in an nemi gani. Nutson gwaji na rana ɗaya, a tsarin Faransa, ba ya wuce mita 6, kuma malami yana riƙe da kai. A tsarin PADI iyakarsa mita 12. Karatun matakin farko na PADI yana cin kwana 3 zuwa 4, yana ba da izinin sauka mita 18, wato kimanin gaba goma na igiyar rijiya. Kafin a ba da takardar sai mutum ya yi ninƙayar mita 200 ya kuma tsaya kan ruwa minti 10 ba tare da ya kama komai ba. Ɗan Damargu da bai taɓa koyon iyo ba, daga nan zai fara, a wurin ninƙaya na otal, ba a tsakiyar teku ba.

Kayan ma ana duba su. Kowace tukunya tana da tambarin ranar da aka gwada ta. Iskar cikinta ba ta da wari; in ta yi warin mai ko hayaƙi, alama ce injin cikawar yana zuƙar hayaƙin kansa, kuma wannan guba ce.

Akwai kuma batun da ya shafe mu fiye da Turawan da aka rubuta tallar dominsu: amosanin jini, wato emasi, wanda ya yawaita a Nijar. Mai jinin SS ko SC ba ya nutso, domin sanyi da ƙarancin ruwan jiki da kumfar azot duk suna iya tayar da ciwon. Mai AS ya nemi shawarar likita tukuna. Wanda bai san rukuninsa ba ya yi awon jini tun a gida. Haka mai farfaɗiya, da mai ciwon zuciya, da mai asma da ke yawan tashi, da mace mai juna biyu. Ko mura ta isa a ɗage, saboda toshewar hanci na iya jawo fashewar dodon kunne. Masauki nagari yakan ba ka takardar tambayoyin lafiya ka cika kafin ya karɓi kuɗinka.

To, ina za a je? Gaɓar Kwatano da Lome ita ce kusa da mu, amma igiyar ruwa tana da ƙarfi, ruwan ba garau ba ne, kuma yana jan mutane. Ba wurin ɗan koyo ba ne. Dakar tana da cibiyoyi, ciki har da Océanium wadda Haïdar El Ali ya daɗe yana jagoranta kafin ya zama ministan muhalli na Senegal a 2012, sai dai ruwan can yana yin sanyi a farkon shekara. Bahar Maliya ta fi sauƙi ga mai farawa: ruwa garau, ɗumi kusan duk shekara, murjani dab da gaɓa. A Masar akwai Hurgada, Sharm el-Sheik, Dahab da Marsa Alam, akwai kuma ɗakunan matsin iska da hukumar CDWS mai sa ido kan cibiyoyin nutso. A Saudiyya akwai yankin Obhur a arewacin Jidda.

Suna kaɗai ba ya tsare mutum. Ramin nan na Dahab da ake kira Blue Hole, mai zurfin kusan mita 100, ya ci ƙwararru da dama da suka nemi ratsa wata ƙofar dutse da ke ƙasa da mita 50. A watan Nuwamba na 2024 jirgin ruwa mai suna Sea Story, ɗauke da masu yawon nutso, ya kife kusa da Marsa Alam, mutum 11 suka mutu ko suka ɓace. A ganinmu, sabon shiga ya zaɓi masaukin da ake shiga ruwa daga gaɓa ko a je a dawo rana ɗaya, ya bar jiragen da ake kwana a cikinsu mako guda.

Lissafin ranar komowa shi ma yana cikin zaɓin. A cikin jirgin sama nauyin iska ya fi na ƙasa raguwa, saboda haka azot ɗin da ta rage a jiki na iya yin kumfa a can. Ƙa'idar da ake bi ita ce a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutson da aka maimaita, kuma malamai da yawa sun fi son awa 24 cur. A bar ranar ƙarshe don kasuwa da tsaraba. Kafin tashi daga Yamai kuma a karanta takardar inshorar tafiya, domin da yawa cikinsu ba sa biyan haɗarin nutso sai an ƙara shi a rubuce, kuma jinyar ɗakin matsin iska tana iya fin kuɗin hutun gaba ɗaya.