Rawanin Aro a Gaban Mai Hoto

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, shi ya sa ake ɗaukar tsohon hoto tamkar shaidar da ba a yi mata musu. To, amma tarihin ɗakunan ɗaukar hoto na farko ya nuna cewa na'ura abin da aka jera a gabanta kurum take kamawa.

An bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto a birnin Faris a shekarar 1839. Kafin nan kuwa Turawa sun daɗe da ƙaga wata Gabas a zukatansu, musamman tun da Antoine Galland ya fara fitar da Dare Dubu da Ɗaya cikin Faransanci a 1704. Gabas ɗin nan tasu cike take da sarakuna masu rawuna da kuyangi da shimfiɗu na alfarma. Da yake na'urar farko tana bukatar mutum ya daskare na ɗan lokaci, tilas ne a tsara komai tukuna, watau tufafi da zama da labulen baya. Ta nan mafarki ya sami ƙofar shiga hoto.

Alal misali, a 1858 Roger Fenton ya ɗauki jerin hotunan "Gabas" a ɗakinsa na Landan. Shi da kansa ya yi shigar basaraken Turkawa, abokinsa kuma ya fito a matsayin makaɗi. Haka nan gidan hoton Bonfils, wanda aka buɗe a Bairut a 1867, ya sayar da hoton wani tsoho da sunan babban malamin Yahudawa, sa'an nan ga shi kuma a wani hoton yana shiɓar auduga. Mai saye a Turai bai san mutum ɗaya ne ba.

Wannan ido shi ne aka dubi ƙasar Hausa da shi. Sunan "daba" da Turawan mulki suka ba taron dawakin sarakuna daga Indiya suka kawo shi, ko da yake hawan kansa gado ne. A baje kolin Wembley na 1924, wanda Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya halarta, an gina gari mai ganuwa irin ta Arewa, aka zaunar da masu sana'a suna aiki 'yan kallo na wucewa. Irin wannan ɗabi'a ce Edward Said ya tattauna a littafinsa na 1978.

Sai dai akwai wani irin hoton dabam, wanda ake tararwa a jikin bangon ɗakuna a Matazu da maƙwabtanta. Manomi kan sayar da audugarsa, ya ɗinka babbar riga, ya nufi mai hoto a Funtuwa ko Malumfashi ranar Sallah. Shi ma yakan ari agogo ko rediyo don ƙawa. Bambancin shi ne shi ya zaɓi shigarsa, shi ya biya, kuma jikokinsa sun san sunansa.

Saboda haka, kafin ɗalibin tarihi ya kafa hujja da tsohon hoto, ya wajaba ya binciki abu uku: wa ya ɗauka, wa ya zaɓi tufafin, kuma wa aka yi nufin ya gani. In bai yi haka ba, yana iya koya wa yara rawanin aro da sunan na kakanninsu.