Yadda ƙungiyar A Tribe Called Quest ta haɗa kundin waƙoƙinta na ƙarshe

A ranar 11 ga Nuwamba, 2016, kwana uku bayan zaɓen da ya bai wa Donald Trump shugabancin Amurka, ƙungiyar mawaƙan gambarar zamani ta A Tribe Called Quest ta fitar da kundin waƙoƙinta na shida mai suna We Got It from Here... Thank You 4 Your Service. Shekara 18 ke nan rabon ƙungiyar da fitar da sabon kundi, kuma ɗaya daga cikin manyan muryoyinta biyu, Phife Dawg, ya mutu kusan wata takwas kafin a kammala aikin.

Duk da haka kundin ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard 200 a makonsa na farko, da kwatankwacin kwafi 135,000 idan aka haɗa saye da sauraro ta intanet. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba a fagen da matasa suka mamaye, kuma sirrinsa yana cikin yadda aka yi aikin.

Su wane ne A Tribe Called Quest?

An kafa ƙungiyar a unguwar Queens ta birnin New York a 1985. Mutum huɗu ne: Q-Tip, mawaƙi kuma mai haɗa kiɗa, Phife Dawg, wanda ainihin sunansa Malik Taylor, Ali Shaheed Muhammad, mai sarrafa fayafayai, sai Jarobi White, wanda ya janye bayan kundin farko na 1990 ya tafi koyon sana'ar girki. Ali Musulmi ne, shi ma Q-Tip ya karɓi Musulunci a tsakiyar shekarun 1990, ya koma amsa sunan Kamaal Fareed.

Kundinsu na 1991, The Low End Theory, da na 1993, Midnight Marauders, su ne suka kafa sunansu. Sun gauraya gambara da kiɗan jaz, har suka gayyato fitaccen makaɗin jaz Ron Carter ya kaɗa musu a waƙa ɗaya. Sun kuma yi suna da waƙoƙin tunani da barkwanci a zamanin da waƙoƙin bindiga da daba suke cin kasuwa.

Q-Tip da Phife abokai ne tun suna yara, amma shahara ta shiga tsakaninsu. Ƙungiyar ta watse a 1998, shekarar da ta fitar da The Love Movement. A shekarar ce kuma gobara ta cinye dubban fayafayan garmaho da Q-Tip ya tara a gidansa. Sun riƙa haɗuwa jefi-jefi domin wasanni, sai dai fim ɗin tarihinsu da Michael Rapaport ya shirya a 2011 ya nuna wa duniya irin tsamin da dangantakar mutanen biyu ta yi.

Daren da ya sake haɗa su

A ranar 13 ga Nuwamba, 2015, su huɗun suka hau dandalin shirin talabijin na Jimmy Fallon domin bikin cikar kundinsu na farko shekara 25. A daren ne aka kai hare-haren birnin Paris na Faransa da suka halaka mutum 130. Daɗin da suka ji na sake tsayuwa tare, da kuma nauyin labarin da ya biyo baya, su ne suka sa suka yanke shawarar ajiye saɓaninsu su koma ɗakin ɗaukar waƙa, kuma a asirce.

Sharaɗin zama a ɗaki ɗaya

An yi aikin ne a sutudiyon da Q-Tip ya gina a gidansa da ke jihar New Jersey, wanda ya raɗa wa suna AbLab. Shi ne ya jagoranci haɗa kiɗan, tare da injiniyan sauti Blair Wells, kuma ɗakin cike yake da tsofaffin na'urorin ɗaukar sauti na kafin zamanin kwamfuta.

A yau yawancin waƙoƙin haɗin gwiwa ta imel ake yin su. Mai kiɗa ya tura kiɗa, mawaƙi ya ɗora muryarsa a wani gari ya mayar, wani lokaci ma ba su taɓa ganin juna ba. Q-Tip ya ƙi wannan hanya, ya nace cewa mai son shiga kundin ya tako ya zo. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma a nan maganar ta shafi har sautin waƙar. Salon ƙungiyar tun asali shi ne musayar baiti, wannan ya faɗi layi, wancan ya cafe kafin ya rufe baki. Irin wannan ba ya yiwuwa da kyau sai mawaƙan suna jin numfashin juna.

Wanda sharaɗin ya fi yi wa nauyi shi ne Phife. Ya daɗe yana fama da ciwon sukari, an yi masa dashen ƙoda a 2008 da ƙodar matarsa, daga baya kuma ya koma kan wankin ƙoda sau uku a mako. Duk da haka ya riƙa tasowa daga gidansa a jihar Kalifoniya, ya sauka a New Jersey, ya je asibiti a yi masa wankin, sannan ya wuce gidan Q-Tip su yi rubutu. Jarobi ya dawo, kuma a wannan kundin ne aka fara jin baitocinsa da yawa. Tsofaffin abokansu Busta Rhymes da Consequence su ma sun zama tamkar 'yan gida. Ali Shaheed Muhammad ne bai samu zama sosai ba, domin yana birnin Los Angeles yana haɗa kiɗan shirin Luke Cage tare da Adrian Younge.

Sauran baƙin kundin sun haɗa da André 3000, Kendrick Lamar, Anderson .Paak, Talib Kweli, Kanye West, makaɗin jita Jack White da kuma Elton John.

Yadda aka ƙera kiɗan

Ginshiƙin kiɗan gambarar Amurka shi ne tsakure. Mai haɗa kiɗa yakan ɗauko 'yan daƙiƙu daga tsohon faifai, wataƙila bugun ganga ko kaɗin jita, ya yanka, ya sauya saurinsa, ya riƙa maimaita shi har ya zama shimfiɗar sabuwar waƙa. A wannan kundi, gangunan waƙar We the People sun fito ne daga wata waƙar ƙungiyar Black Sabbath ta Ingila. Solid Wall of Sound kuwa an gina ta a kan Bennie and the Jets ta Elton John, sannan shi kansa Elton John ya ƙara sabuwar murya da piyano a kai. Dis Generation ta tsakuro Pass the Dutchie ta ƙungiyar Musical Youth.

Tsakure yana da tsada. Tun bayan hukuncin da wata kotun New York ta yanke a 1991 a shari'ar mawaƙi Biz Markie, dole ne a nemi izini kafin a yi amfani da sautin wani, kuma galibi wuri biyu ake biya: mai haƙƙin rubutun waƙar da mai haƙƙin faifan. 'Yan ƙungiyar sun san zafin wannan, domin Phife ya taɓa bayyana cewa kuɗin shahararriyar waƙarsu Can I Kick It? aljihun Lou Reed suka tafi, saboda kiɗansa suka tsakuro. A kundin na 2016 Q-Tip ya haɗa tsakure da makaɗa na zahiri masu jita da piyano, abin da ya bai wa sautin kauri da ɗumi irin na da, ba tare da ya zama kwaikwayon tsohon aikinsu ba.

Kammala aiki bayan mutuwar Phife

Phife Dawg ya mutu ranar 22 ga Maris, 2016, yana da shekara 45, sakamakon larurar ciwon sukarin. Ya bar baitocin da ya riga ya ɗauka, ya kuma bar sunan kundin, wanda shi ne ya zaɓa. Sauran 'yan ƙungiyar sun ce ba su gama fahimtar abin da yake nufi da sunan ba, amma suka bar shi yadda yake.

Nauyin kammalawa ya faɗo kan Q-Tip, wanda ya shafe watanni yana sauraron muryar abokinsa dare da rana yana daidaita ta da kiɗa. Kundin bai ɓoye rashin ba. Lost Somebody waƙar ta'aziyya ce da Q-Tip da Jarobi suka rera. A Black Spasmodic, Q-Tip ya ari salon Phife ya yi baiti kamar marigayin ne yake magana ta bakinsa. Waƙar ƙarshe, The Donald, wadda wasu suka zaci a kan Trump take, yabo ce ga Phife, daga laƙabinsa na Don Juice.

Saƙo da karɓuwa

An rubuta waƙoƙin 16 a lokacin yaƙin neman zaɓen Amurka, kuma hakan ya fito fili. We the People ta ari bakin masu ƙyamar baƙi domin ta yi musu ba'a, tana lissafa waɗanda ake son kora, ciki har da baƙaƙen fata, 'yan Meziko, talakawa da Musulmi. Washegarin fitar kundin suka rera ta a shirin Saturday Night Live, da hoton Phife a bayansu, sannan suka sake rera ta a bikin kyautar Grammy na Fabrairun 2017.

A 2017 ƙungiyar ta lashe kyautar Brit ta gwarzuwar ƙungiya daga ƙetare, kuma a watan Satumbar shekarar ta yi wasanta na bankwana a bikin Bestival a Ingila. An raɗa wa wani sashe na titin Linden Boulevard a Queens sunan Phife, an kuma shigar da ƙungiyar zauren karramawa na Rock and Roll Hall of Fame a 2024. Tun bayan kundin na 2016 ba su sake fitar da wani da sunan ƙungiyar ba, kamar yadda Q-Tip ya faɗa tun farko cewa shi ne na ƙarshe.