Daft Punk: Makaɗan da Suka Ɓoye Fuskokinsu

Mai haɗa kiɗan lantarki a ɗaki yake aikinsa, shi da kwamfuta, don haka fitowa gaban jama'a babbar jarrabawa ce gare shi. Faransawa biyu, Thomas Bangalter da Guy-Manuel de Homem-Christo, waɗanda suka kafa Daft Punk a Paris a 1993, sun ci wannan jarrabawa. A bikin Coachella na 2006 a Amurka, sun hau dandamali mai siffar dala sanye da kwalkwalin mutum-mutumi, suna cuɗanya waƙoƙinsu nan take. Amma a ganina daren Grammy na 2014 ya fi armashi, domin a nan suka yi waƙarsu "Get Lucky" tare da Pharrell Williams, da Stevie Wonder, da Nile Rodgers a kan jita. Daft Punk sun rabu a 2021.