Hutun zamiya a kan ƙanƙara: Yadda takalmi, sutura da masauki ke gyara tafiya ko ɓata ta a tsaunukan Faransa

Duk ranar Asabar a watan Fabrairu, hanyar da ta tashi daga garin Moûtiers zuwa saman tsaunukan Savoie a gabashin Faransa kan cika maƙil da motoci. Waɗanda suka kammala hutun mako guda na saukowa, sababbin baƙi na hawa, kowa da tulin kayansa.

Inda suka nufa shi ne Les Trois Vallées, wato Kwari Uku, yankin da ke da hanyoyin zamiya a kan dusar ƙanƙara masu tsawon kusan kilomita 600, duk a haɗe da juna. A cikinsa akwai Courchevel da Méribel da kuma Val Thorens, wanda ke tudun mita 2,300 daga matakin teku, kuma babu garin zamiya da ya kai shi tudu a Turai.

Hotunan wurin a Instagram na jan hankali. Sai dai ba kowa ne ke komawa gida da farin ciki ba. Akwai wanda kan biya kuɗin jirgi da masauki da tikitin hawa tsauni, amma tun kwana na biyu ya zauna a ɗaki, ƙwabrinsa ya kumbura saboda takalmin da bai yi masa daidai ba, ko kuma sanyi ya kwantar da shi. Yawancin irin wannan asara daga shiri take farawa, tun kafin a taka ƙanƙarar.

Lokacin tafiya

A Val Thorens ana buɗe kakar wasan a ƙarshen Nuwamba, a rufe a farkon Mayu. Amma makonnin ba ɗaya suke ba.

Makon Kirsimeti da na sabuwar shekara da kuma hutun makarantun Faransa na Fabrairu su ne mafi tsada da cunkoso. Ƙasar ta raba makarantunta zuwa shiyya uku, kowace da ranakun hutunta, don haka cunkoson kan ɗauki kusan wata guda.

Tsakiyar Janairu ya fi araha, amma sanyi ya fi tsanani kuma rana na faɗuwa da wuri. A Maris yini ya fi tsawo, rana ta fi ɗumi, abin da ke yi wa ɗan koyo daɗi.

Tudun wuri ma abin dubawa ne. Ɗumamar yanayi ta sa ƙanƙara na ƙaranci a wuraren da ba su da tudu sosai. A 2023 aka rufe ƙaramar tashar La Sambuy da ke kusa da Annecy saboda haka. Wanda zai biya kuɗi watanni kafin tafiya, wuri mai tudu ya fi ba shi tabbaci.

Masauki

Akasarin gidajen haya a tsaunukan Faransa daga Asabar zuwa Asabar ake bayar da su. Wanda ya sayi tikitin jirgi na Laraba kafin ya nemi ɗaki zai iya shan wahala.

Tambaya mafi muhimmanci kan masauki ita ce nisansa da inda ake hawa tsauni da inda ake ba da darasi. Tafiyar minti goma a cikin takalmin zamiya, da allunan zamiya a kafaɗa, ga yara na jan riga, ba ƙaramin aiki ba ne. Ɗaki mai araha a ƙasan kwari kan ƙare da jiran bas kullum da safe cikin sanyi.

A kuma duba girman ɗakin. Da yawa daga cikin gine-ginen da aka yi a shekarun 1970 ƙanana ne, kuma abin da aka rubuta "na mutum huɗu" kan zama ɗaki guda da gado mai hawa biyu a lungun shiga. Wani lokaci zanin gado da tawul da sharar ƙarshen mako kuɗinsu daban.

Gida mai kicin na rage kashe kuɗi, kuma yana taimakon wanda ke kiyaye abin da yake ci. Fitattun abincin Savoie kamar tartiflette da raclette na zuwa da naman alade, cukun fondue kuma ana narkar da shi da giya. Masu dabara kan yi cefane tun a Moûtiers ko Albertville, inda kaya suka fi sauƙi.

Mai zuwa da motar haya daga filin jirgin Geneva ko Lyon ya sani cewa daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris doka ta wajabta tayoyin hunturu ko ɗaukar sarƙar taya a yankunan tsaunuka.

Takalmi

A duk kayan wasan, takalmi ne ke kan gaba. Na roba ne mai tauri, yana kaiwa tsakiyar ƙwabri, kuma ta cikinsa ne motsin ƙafa ke isa ga allon zamiya.

Ba a auna shi da lambar takalmin yau da kullum. Ana auna tsawon ƙafa da santimita, a tsarin da ake kira Mondopoint. Ƙafa mai santimita 27 lambarta 27 ke nan.

Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne ɗaukar babba don jin sakewa. Idan ƙafa na yawo a ciki, ƙwabri na dukan harshen takalmin, farce na dukan gaba, iko da allon kuma ya ragu. Wanda ya yi daidai shi ne wanda yatsu ke ɗan taɓa gabansa idan an miƙe tsaye, su ja baya idan an lanƙwasa gwiwa, diddige kuma ba ya ɗagawa.

Akwai kuma lambar tauri. Ɗan koyo na buƙatar mai laushi, kamar 60 zuwa 80, ƙwararru kuwa kan haura 120.

Safa guda ɗaya doguwa marar kauri ta isa. Haɗa biyu na matse jijiyoyi, jini ya kasa gudana, ƙafar ta ƙara yin sanyi. Kada kuma a cusa ƙafar wando a ciki.

A karon farko haya ta fi saye, domin idan takalmin ya matsa ana iya komawa shago a canza. Mai shagon zai tambayi nauyi da tsawo da shekaru da ƙwarewa, don ya saita maƙalin da ke riƙe takalmi a jikin allo. An yi maƙalin ne don ya saki ƙafa idan mutum ya faɗi. Wanda ya ɓoye nauyinsa ko ya cika baki kan ƙwarewarsa, gwiwarsa ce za ta biya, kuma raunin gwiwa shi ne kan gaba a wannan wasa.

Sutura

Duk hawan mita 1,000, zafi kan ragu da kusan digiri shida da rabi. Amma mai zamiya na yin gumi, sannan ya zauna shiru a kujerar da ke bin waya zuwa sama, iska na kaɗa shi. Shi ya sa rigar sanyi guda mai kauri ba ta wadatarwa.

Hawa uku ake sawa: ta ciki mai manne wa jiki, ta ulu ko zaren roba, wadda ke fitar da gumi, ta tsakiya mai riƙe ɗumi, sai ta waje mai tare ruwa da iska. Auduga ba ta da wuri a nan, domin tana shan gumi ta riƙe, ta koma sanyi a jikin fata. Wandon jins ma haka.

Sai safar hannu marar shan ruwa, abin rufe wuya da tabarau. Sabuwar dusar ƙanƙara na iya dawo da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken rana mai ƙona fata da ido, kuma baƙar fata ba ta kare ido. Man kariya daga rana da na leɓe na da amfani ga kowa.

Hular kwano kuwa ba abin wasa ba ce. A Méribel ne zakaran tseren motoci Michael Schumacher ya faɗi ya bugi dutse a ranar 29 ga Disamban 2013, a wajen hanyar da aka shata. Likitocinsa sun ce da babu hular a kansa da bai kai asibiti da rai ba.

Inshora da lafiya

Bizar Schengen na buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, sai dai inshorar tafiya da yawa ba ta haɗa da wasannin hunturu. A Faransa, wanda aka ɗauko daga kan hanyar zamiya shi ke biyan kuɗin ceto. A Savoie ana sayar da inshorar Carré Neige tare da tikitin hawa tsauni.

Masu cutar sikila, wadda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, sai sun ga likita kafin su yanke shawara. Ƙarancin iskar shaƙa a tudu da tsananin sanyi duk suna iya tayar da ciwon.

A fara daga kore

Hanyoyin zamiya a Faransa launi huɗu ne: kore na 'yan koyo, sai shuɗi, sai ja, sai baƙi na ƙwararru. Malaman makarantar ESF, masu jan kaya, na ba da darasin safe na mako guda, kuma a lokacin hutu guraben kan cika da wuri.

Ana ma iya fara koyo kafin a ga tsauni. Kwame Nkrumah-Acheampong, wanda ya wakilci Ghana a gasar Olamfik ta hunturu a Vancouver a 2010, ya koyi wasan ne yana babba, a wani zauren ƙanƙara da ke Milton Keynes a Ingila inda yake aiki. Birane kamar Dubai da Manchester ma suna da irin wannan zaure, kuma awa biyu a ciki sun isa mutum ya san lambar takalminsa da yadda ake tsayawa kafin ya biya kuɗin mako guda a Savoie.